Lafiyayye Na Ɗaya

Rigimar ta samo asali ne daga shafin da cibiyar bincike ta buɗe wa Farfesa a intanet. An sa hotonta cikin farar riga, ta harɗe hannuwa ta ɗaure fuska, a ƙasa aka jera maƙalun da ta wallafa a kan ƙwayoyin garkuwar jiki, da yawan masanan da suka kafa hujja da aikinta, da ƙasashen da ake bin hanyar gwajin da ta ƙirƙiro. Ita kanta ba ta tsaya karantawa ba. Autarsu ce ta ga abin alfahari ta tura wa babanta a waya, shi kuwa ya ɗauko tabarau ya zauna ya bi abin layi-layi kamar mai duba sakamakon jarrabawa. Sunansa yake nema, bai kuwa samu ba.

Mijin Farfesa tsohon malamin motsa jiki ne a makarantar sakandare. Ya yi shekaru yana busa usur a wasannin ƙwallon ɗalibai, shi ya sa har jikokinsa Rafali suke ce masa. In za a yi adalci, yana da ta cewa. Al'adar masu wannan aiki ce, in ana neman jinin mai lafiya don gwaji ba a zuwa nesa, wanda ke kusa shi ake tsira wa allura. Tun Farfesa tana ɗaliba, ba su daɗe da aure ba, ta dawo gida wata rana tana mitar ta rasa mai ba ta jini, shi kuwa ango ya naɗe hannun riga ya ce ina amfanin damtsen nan.

Ashe ta tsinci dami a kala. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da aikinsu kisa ne. In an zuba su a faranti tare da ƙwayoyin ciwon daji da aka rina kore, sai su bi su ɗaya bayan ɗaya har koren ya dushe. Na yawancin mutane yau su yi ƙwazo, gobe su yi lalaci. Na Rafali kuwa ba su san fashi ba, rani da damina, kafin a tashi daga aiki sun share faranti tas. Don haka ya zama mudun awonta: duk gwajin da za ta yi a kan jinin marasa lafiya, sai ta ajiye nasa a gefe don kwatance. Doka ta hana a faɗi sunan mai ba da jini, saboda haka a duk maƙalunta Lafiyayye na Ɗaya ake kiransa. Har daga ƙasashen waje ake roƙon ƙwayoyinsa a daskare cikin 'yan kwalabe. Shi kuwa 'yan wasansa yake ce musu, duk ranar gwaji in ta dawo gida, kafin sannu da zuwa sai ya tambayi ci nawa yaran suka zura.

Washegarin karanta shafin, suna karin kumallo, ya ajiye kofin shayi ya ce yana da ƙorafi. Ya ce bai tsaya a shafin ba, ya buɗe maƙalun ya karanta godiyar da ake yi a ƙarshe. An gode wa kamfanin da ya ba da kyautar sinadari. An gode wa wani da ya ara mata na'ura na yini guda. Hatta ɓerayen gwaji an faɗi irinsu da gidan da aka haife su.

"Ɓera yana da asali, ni ba ni da shi," in ji shi. "Daga yau na shiga yajin aiki, Farfesa. Ko ɗigo."

Ta yi dariya, ta ɗauki makullin mota ta fita. Da ta san abin da ke jiranta a ofis, da ta adana dariyar.

Wata maƙala ce take da ita a hannun babbar mujalla, aikin da ta ƙarar da shekaru a kansa. Cikin masu tantancewa uku, biyu sun yaba, saura mai tantancewa na biyu a jerin. Wannan, ga wanda bai sani ba, halitta ce da ba a taɓa ganin fuskarta ba, ba ta kuma taɓa karanta aikin wani ta ji daɗi ba. Ya ce tunda komai an auna shi ne da Lafiyayye na Ɗaya, a maimaita gwajin da ƙwayoyin mutumin nan dai, ba na wani ba, a turo kafin ƙarshen wata. Da a bara ne, sai ta buɗe firiza ta ɗauko kwalba. To amma firizar ta mutu a lokacin hutu, ƙararrawar da aka saka mata ta yi ta kuka a ɗakin da ba kowa, duk abin da ta tara ya narke ya tashi aiki. Ta rubuta wa waɗanda ta taɓa aika wa kwalabe, kowa ya ce ai sun yi kyau ƙwarai, shi ya sa suka ƙare.

Ranar ce kuma Daraktan cibiyar ya leƙo. Mutum ne mai taushin murya wanda bai taɓa kawo labari mai daɗi ba. Ya ce kwamiti zai zauna a kan rabon ɗakuna, kuma dokar yanzu ita ce duk wanda bai fito a babbar mujalla ba cikin 'yan shekarun nan, ɗakinsa na gwaji zai koma hannun sashen kwamfuta. Ta nuna masa shafin da su da kansu suka buɗe mata. Ya ce wannan tarihi ne, kwamiti kuwa ba ya cin tarihi. Yana maganar ma sai ga wani ɗan sashen kwamfutar a bakin ƙofa da tef ɗin awo, yana auna faɗin tagarta yana murmushi.

Da ta gaya masa mai jinin yana yaji, Darakta ya sassauta murya ya ce ai abin ba wuya. Mutumin ba shi da suna a takarda. A ɗebi na kowane ƙato a cibiyar, a rubuta na Ɗaya a jikin kwalba, wa zai sani? Farfesa ta dube shi har sai da ya shiga gyaran maɓallin riga, sannan ta ce ya ja mata ƙofa in ya fita.

A gida ta fara da hujja, tunda ita ce sana'arta. Ta zauna ta zana masa yadda dokar ɓoye suna take kare shi ne. Ya ce daga wa? Ta koma lallashi, ta ce duk duniyar masu wannan bincike sun san Lafiyayye na Ɗaya, akwai ma wanda ya tambaye ta lafiyarsa a taro. Ya ce to ta gaishe shi. Ta sayo masa sabon usur, ya karɓa ya yi godiya, ya rataye a bango. Ta sa Auta ta kira shi, uba da 'ya suka yi doguwar hira a kan jikoki, aka rufe waya ba a taɓa maganar jini ba. Har kwamitin ladubban bincike ta je ta tambaya ko za a bari ta sa sunansa, tunda shi ya nema da bakinsa. Suka ce tambaya ce mai muhimmanci, za su zauna a kanta bayan wata uku.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne yadda ya miƙe ƙafa yake jin daɗin yajin. Da hantsi ya ja kujera ƙofar ɗaki ya zauna ya baje damtsen nan a rana, jijiyar gwiwar hannunsa ta fito raɗau, irin jijiyar da ko makaho ba zai kuskure ba. In ta wuce sai ya ɗaga jarida. Mutumin da ya saba fita gudu da sassafe yanzu ya daina, ya ce mai yaji ba ya atisaye. Ta lura da haka, ta sa shi cikin jerin abubuwan da yake yi don ya tura mata haushi. Wata rana tana yanka albasa ta kama kanta tana lissafin ko mai barci yana jin allura, ta yi istigfari.

Saura mako guda ta kai bango. Ta dawo ta tarar da shi yana gyaran ƙafar kujera, ta tsaya a kansa ko jaka ba ta ajiye ba. Ta ce ɗakin nan da za a ƙwace, ita ta share shi da hannunta ranar da aka ba ta, ba komai a ciki sai famfo mai yoyo. Ta ce ta haƙura da bukukuwan 'yan'uwa, ta haƙura da hutu, ta yi goyon Auta tana leƙen madubin duba ƙwayoyi, duk don kada ɗakin ya mutu. Yanzu kuma abin da firiza da Darakta da mai tantancewa suka taru ba su gama ba, mijinta ne zai ƙarasa, a kan layi ɗaya na godiya.

"Cokali biyu na jini, Malam. Abin da sauro ke sha kyauta."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murɗa sukurun har ya ƙare, ya girgiza kujerar ya ga ta tsaya.

"To, shi ke nan," ya ce. "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gobe sai mu je."

Ta yi tsammanin za ta ji daɗi, sai ta ji haushin ya ƙaru. Ashe abin da zai iya cewa to a kansa ne, ya sa ta yi ta zarya kamar mai neman aure.

Da safe suka tarar lif ɗin cibiyar ya lalace, kamar yadda ya saba yi duk ranar da ake buƙatarsa. Ɗakin gwajin yana hawa na uku. A da Rafali bibbiyu yake taka matakalar nan, ya kai sama ya tsaya yana jiranta yana duba agogo. Yau a kwanar farko ya tsaya gaban allon sanarwa, ya sa hannu a baya, ya shiga karanta wata takarda da ta koɗe a kan abin da ake yi in gobara ta tashi. Ta ce masa Sista tana jira. Ya ce ilimi ne, bari ya ƙarasa. A kwana ta biyu ma ya sami abin karantawa. Farfesa ta ja tsaki ta wuce, ta ce in ya sauke karatu ya same ta a sama.

Sista, nas ɗin da ta yi shekaru tana ɗibar jininsa, ta tare shi da tsiya irin tasu, ta ce ta ji labarin ƙungiyar ƙwadago ta mutum ɗaya. Ya yi murmushi bai rama ba. Ta ɗaure hannun, allura ta shiga, kwalba ta cika. Farfesa ta karɓe ta tun da ɗuminta ta shige ciki, ko waiwaye ba ta yi ba. Daga bakin ƙofa ta ce masa ya tafi gida, sai yamma. Ya ce a nan zai zauna a bencin baranda. Ta ce gwajin yini ne. Ya ce ba inda ake jiransa. Ta ce a ranta, wato gadina zai yi, ta turo ƙofar.

Aikin hannunta ya san shi ko ido rufe. Ta tace jinin, ta ware fararen, ta wanke, ta ƙirga. A nan ta ɗan tsaya, domin ba su kai yadda ta saba gani ba, amma ta ɗora laifin a kan sabuwar na'urar tacewa. Ta zuba su a kan korayen ƙwayoyin, a gefe ta zuba nata da na Sista don cika faranti, ta sa a akwatin ɗumi ta rufe. Sau biyu tana fitowa baranda ɗauko abu, sau biyu tana ganinsa zaune da audugar har yanzu a gwiwar hannu, yana kallon bango.

Da yamma ta ɗora farantin a ƙarƙashin madubi ta leƙa. Koren yana nan. Ya ragu, amma yana nan, fiye da rabi. Ta duba lambar faranti ko ta ɗauko na wani. Ta duba zafin akwati, ta duba kwanan watan da ke jikin rini, ta zagi kamfanin da ya yi shi. Sannan ta matsa gefe ta leƙa nata da na Sista. Sun yi aikinsu daidai gwargwado, kamar kullum, ba yabo ba fallasa. Ba rini ba ne ke nan, ba akwati ba ne.

Ta dawo kan nasa, ta ƙara girman madubin. Ba cuta ta gani ba, da cuta ce da ta gane tun wajen ƙirga. Ƙwayoyin lafiya lau suke, suna rarrafawa, suna isa wajen korayen, su manne, su daɗe, wasu su kashe, wasu su saki su wuce. Ta san wannan tafiyar. Ita da kanta ta rubuta maƙala a kanta, tana daga cikin waɗanda aka fi kafa hujja da su a shafin nan na intanet: yadda ƙwayoyin garkuwa suke ja da baya in shekaru sun taru. A wancan aikin jinin tsofaffi ta yi ta tarawa daga asibiti, tana kwatanta shi da kwalaben Lafiyayye na Ɗaya da aka daskarar tun gashinsa yana baƙi. Firiza ta tsayar mata da mijinta wuri ɗaya, ita kuwa ta yarda da firiza.

Ta zauna a kan doguwar kujerar ɗakin. Gudun safen da ya bari ya faɗo mata, da allon sanarwa, da bencin barandar da ya zaɓa don kada ya taka benen nan sau biyu a yini. Kunya ta rufe ta, haushin kuma bai tafi ba, sai dai ya juyo kanta.

Da ta fito ya dubi fuskarta sau ɗaya ya kau da kai.

"Ci nawa?" ya tambaya.

"Sun buga," ta ce. "Ba su ci da yawa ba."

Ya gyaɗa kai, ya cire audugar ya dunƙule ta a tafinsa. Ya ce tun bara ya sani. In ya yanke, ciwon sai ya daɗe bai kame ba, mura kuwa in ta shigo sai ta shimfiɗa tabarma. Ya ce maganar suna gaskiya ce, ta yi masa zafi, amma ba ita ta hana shi zuwa ba.

"Ke ba kya kallona sai ta madubin nan. Na san ranar da kika leƙa za ki gani. Abu ɗaya nake da shi a cikin duk littattafan nan naki, lafiyayye. Na so ya ɗan ƙara kwana."

Ta zauna kusa da shi a bencin. Ɗan sashen kwamfuta ya biyo barandar da tef ɗinsa, ya gan su, ya juya.

Can Rafali ya ce kada ta bar ɗakin ya tafi saboda shi. Akwai samari cike da cibiyar, ta ɗebi na wani ta ce nasa ne. "Ai ba ni da suna, Ɗaliba. Wa zai sani?"

Rabon da ya kira ta Ɗaliba tun kafin a haifi Auta. Maganar kuma ita ce ta Darakta kalma da kalma, amma daga bakinsa sai ta ji kamar an mare ta.

"Ni zan sani," ta ce. "Na Ɗaya guda ne. Ba a canjinsa ana tsakiyar wasa."

Ta tashi ta koma ciki, ta rubuta wa editan mujallar a taƙaice: an maimaita gwajin da jinin mutumin, ga abin da aka samu, bai yi daidai da na baya ba, dalili kuwa shekaru. A gurbin bayanin mai ba da jini ta rubuta lafiyayye, ta tsaya, ta ƙara dattijo. Ta san mai tantancewa na biyu zai yi murnar da bai taɓa yi ba, ta kuma san yadda kwamiti zai yanke. Ta aika. Ta dubi ɗakin, famfon da har yau yake ɗiga, da tabon da tsohuwar firiza ta bari a ƙasa, zuciyarta ta yi nauyi ƙwarai, ba ta kuma ɓoye wa kanta hakan ba. Ta kashe fitila ta rataye farar rigar.

Suka kama matakala. Sauka ma ashe aiki ce, yana dafe da ƙarfen gefe yana ajiye ƙafa ɗaya-ɗaya. A kwanar nan ta ƙasa ya tsaya gaban allon, ya sa hannu a baya. Ta riga shi da taki uku, bakinta har ya shirya tsaki, sai ta haɗiye ta dawo sama. Ta ciro tabarau daga jaka ta saka, ta tsaya gefensa ta fuskanci takardar gobarar nan da ta shekara ashirin tana wucewa ba ta taɓa dubawa ba.

"Ina ka tsaya ɗazu?" ta tambaye shi.

Ya nuna layi na huɗu da yatsa, numfashinsa yana fita da ƙarfi. Ta ce ita daga farko za ta fara, ya yi haƙuri ya jira ta.